Likita ya hana ni alkama, na rasa abin saye a kanti da abin ci a gidan mutane

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, ina da yara uku. Na daɗe ina fama da kumburin ciki da gudawa da kasala, ana ta ba ni maganin olsa da na taifod, jinina kuma kullum a ƙasa. Daga baya wani likitan ciki ya yi min gwajin jini, ya zura min kyamara ta baki ya ɗebi ɗan naman hanji, ya ce cutar siliyak gare ni, kada in ƙara cin abin da ke da gulutin, wani sinadari da ke cikin alkama, har ƙarshen rayuwata. Da na bar burodi da taliya na ji sauƙi sosai, amma ciwon yakan dawo ban san me na ci ba. Kayan da aka rubuta babu gulutin a manyan kantuna tsadarsu ta fi ƙarfinmu, maigida ya saya sau biyu ya fara ƙorafi. In mun fita cin abinci na tambayi ma'aikata sai su yi ta kallona, ko su ce "babu komai Hajiya" don su rabu da ni. Abin da ya fi damuna shi ne surukata. Gwana ce a alkubus da funkaso, duk Juma'a muna gidanta. Da na ƙi ci sai ta ce iyayi ne da ciwon 'yan boko, ko kuma ƙyamarta nake yi. Makon jiya na ci don a zauna lafiya, na yi kwana uku a kwance. Me zan saya, me zan ci a waje, kuma yaya zan yi da Hajiya?

Wa alaikumus salam 'yar uwata. Sannu da jiki, sannu da haƙuri. Shekarun da kika yi kina shan maganin ciwon da ba shi ke damunki ba sun isa su gajiyar da kowa, ga shi yanzu an gano ciwon amma zama da mutane ya zame miki wani sabon aiki. Kafin mu shiga kasuwa, ina roƙonki abu ɗaya: kada ki ƙara cin alkubus ɗin nan don a zauna lafiya. Bangon ƙaramin hanji yana da wasu 'yan tsirai masu laushi kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci su kai cikin jini. Mai siliyak in ta ci gulutin, wato sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir da hatsin da Turawa ke kira "rye", sai garkuwar jikinta ta far wa tsiran nan har su kwanta. Shi ya sa jininki ya ƙi hawa duk maganin da kika sha. Kwana ukun da kika yi a kwance shi ne abin da ido ya gani, amma hanjin yakan ɗauki watanni kafin ya warke, a manya ma wani lokaci ya haura shekara, kuma ɗan gutsuren burodi ya isa ya tayar da ɓarnar ko da ba ki ji komai a jikinki ba. In aka yi ta ci ana sakewa, ƙarshenta ƙarancin jini ne, da raunin ƙashi, ga wasu matan har da yawan ɓari.

Ba kuma sabon yayi ba ne. Tun 1950 wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya tabbatar cewa alkama ce ke kwantar da masu wannan ciwo. Kusan mutum 1 cikin 100 ke da shi a duniya, kuma ɗaya daga cikin wuraren da aka fi samunsa a Afirka yake: a 1999 an gwada yaran Sahrawi na yammacin Sahara aka tarar da shi a jikin sama da kashi 5 cikin 100. Ki riƙe wannan saboda ranar da wani zai ce miki ciwon Turawa ne.

Batun kanti kuwa, ƙorafin maigida yana da tushe, kuma ni ban ga dalilin da za ku zuba kuɗinku a wannan layin ba. Burodi da biskit ɗin da ake shigowa da su an yi su ne don mutanen da alkama ce tuwonsu, yawancinsu kuma garin shinkafa ne da sitacin masara ko na dankali, abin da kike da shi a gida. Ke Bahaushiya ce, abincin da kika tashi da shi akasarinsa babu gulutin tun asali. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, wake, gyaɗa, gurjiya, waken suya, riɗi, doya, rogo, dankali, makani, duk halalinki ne, haka nama da kifi da ƙwai da nono da ganye da 'ya'yan itace. Tuwon dawa da miyar kuka, tuwon shinkafa da taushe, dambu da zogale, faten tsaki da rama ko yakuwa, waina, sinasir, ƙosai, alale, fura, koko, kunun tsamiya, babu wanda likita ya hana ki. Ina so ki ba acca muhimmanci, wadda ake kawowa daga Filato da Bauchi da kudancin Kaduna. Tana dahuwa da wuri, tana yin tuwo da fate da kunu da dambu, kuma in kika turara ta ta yi warwar za ta maye miki gurbin kuskus, wanda shi alkama ne zalla. In kewar burodi ta taso, sinasir mai laushi da shayi yana kashe ta, burodin kanti kuma ya zama na marmari.

Tambayar da ta fi muhimmanci a wasiƙarki ita ce me ke dawo da ciwon bayan kin bar burodi. Wurin da zan fara zargi shi ne injin niƙa. Injin unguwa da ya niƙa wa maƙwabciyarki alkamar alkaki ko ta tuwo, shi ne zai niƙa miki dawa bayan minti biyar, ragowar garinta na maƙale a haƙoran injin da bututunsa, garinki ne zai kwaso shi. Haka garin da ake ƙullawa a leda a kasuwa, ba ki san injin da ya bi ba, ba ki san ko an gauraya shi ba. Don haka ki riƙa sayen hatsi tsaba, ko a Dawanau ko a kasuwar da ta fi kusa da ku. Kwanon awo ɗaya ne ke shiga buhun alkama da na gero, buhunan ma ana sake amfani da su, amma tsaba tana da sauƙi: ki baza a faranti ki tsince, ƙwayar alkama ba ta ɓuya a cikin gero, ki wanke, ki shanya. Daga nan abin da ya fi aminci shi ne ki niƙa a gida. Kuɗin da za ku kashe a burodin kanti na 'yan watanni zai saya muku ƙaramin injin niƙa na gida ko bilenda mai ƙarfi, ita kuma za ta yi miki markaɗen wake da na shinkafar waina. In hakan bai samu ba tukuna, ki nemi mai injin da ba ya karɓar alkama, ko ki yi magana da na unguwa a kai naki da sassafe bayan an wanke inji, a fara zuba kwano guda, garin da ya fara fita a ba mutanen gida, na bayan ya zama naki. Wannan dabara tana rage haɗarin ne kawai, domin injin gari ba ya wankuwa tas, saboda haka ki ɗauke ta a matsayin ta wucin gadi. Turmi da taɓarya ma suna nan, muddin ba a surfa alkama a cikinsu.

A kicin ɗinki ki ware rariya da muciya da ludayin katako da matsamin taliya, naki daban na gida daban, domin katako da raga suna riƙe gari. Tukunyar ƙarfe da faranti wanki da sabulu ya ishe su. Man da aka soya fanke ko cincin kada ya dawo kan ƙosanki. Ranar da za a tankaɗe fulawa a rufe abincinki, don gari yana tashi ya sauka inda ya ga dama. Bota ko man gyaɗar da yara ke tsoma wuƙar burodi a ciki ki bar musu, ki ajiye naki.

Sai abincinmu da aka sauya wa hali. Ɗan wake na asali garin wake ne da na rogo da kuka da kanwa, amma yau gidaje da masu sayarwa da yawa fulawa suke zubawa, wasu ma ita kaɗai. Akwai masu ƙara fulawa a ƙullun waina don ta yi auki, akwai masu ɗaure tuwon shinkafa da semo, shi kuwa Semovita alkama ne. Kunun gyaɗa wasu da alkama suke yi, wasu da fulawa suke kaurara shi, kunun zaƙi ma akan jefa masa alkama. Wannan shi ne tarkon da ya fi kama masu irin ciwonki a nan, domin sunan abincin bai canja ba, abin da ke ciki ne ya canja. Waɗanda babu tantama a kansu kin riga kin san su: gurasa, alkaki, dubulan, taliyar murji, Indomie, makaroni, samosa, shawarma, kek.

In kin shiga kanti sayen kayan gwangwani da na kwali, ki juya bayan kwalin, jerin kayan haɗin shi ne abin karantawa. Da Turanci ake rubuta su, kalmomin da za ki nema su ne "wheat" (alkama), "barley" (sha'ir), "rye", "malt" da "semolina" (tsakin alkama). Malt daga sha'ir ake yin yawancinsa, shi ya sa lemunan malt da akasarin kwanfileks suka fita daga hannunki, Milo ma sai kin karanta kwalinsa. Soya sos na gama-gari da alkama ake haɗa shi, sosej da naman baga sukan zo da garin burodi. Hatsin ot shi kansa ba alkama ba ne, amma yakan gauraya da ita tun daga gona, kada ki saya sai wanda aka rubuta "gluten free", wato babu gulutin, a jikinsa, shi ma ki tambayi likitanki tukuna. Wannan rubutun yana da ma'ana a doka: ƙa'idar Codex, hukumar tsara ƙa'idojin abinci ta duniya, wadda Amurka da Turai ke bi, ita ce kada gulutin ya wuce miligiram 20 a kilo guda. Kayan da suka fito daga Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai tun Disamban 2014 dole ne su bambanta sunan alkama da sha'ir a jerin, galibi da baƙin rubutu mai kauri, wasu kuma suna ɗauke da tambarin zangarniyar alkama da aka soke, alamar babu gulutin a ciki. In an rubuta "may contain wheat", wato mai yiwuwa akwai alkama a ciki, ki ajiye. Dunƙulen miya kuwa kala-kala ne, wasu da alkama wasu babu, kuma kamfani kan canja haɗinsa, don haka ki karanta kwalin duk lokacin da za ki sayi sabo. Daddawa da busasshen kifi da albasa da citta da tafarnuwa suna ba miya ɗanɗanon da ba za ki nemi dunƙule ba.

Cin abinci a waje yana yiwuwa, amma sai kin canja tambaya. Yaron da ke kawo abinci bai taɓa jin gulutin ba, kuma ba shi ya dafa ba, "babu komai Hajiya" ita ce amsar da ta fi masa sauƙi. Ki nemi a kira miki mai dafawa, ki ce likita ya hana ki fulawa da alkama da semo, ko kaɗan ne yana kwantar da ke. Sannan ki tambayi abu ɗaya-ɗaya: da me aka ɗaure tuwon nan? An barbaɗa wa kifin ko kazar fulawa kafin a soya? Man da ake soya dankali, ana soya samosa ko fanke a cikinsa? Wane dunƙule kuke sa wa miya? In sun faɗa, ke kin riga kin san kwalinsa. Ki je lokacin da babu cunkoso, don kuku mai oda ashirin a gabansa ba zai saurare ki ba. Abin da ya fi sauƙin tabbatarwa shi ne abinci marar haɗe-haɗe: farar shinkafa da miya, dafaffiyar doya, sakwarar da aka daka ta doya, farfesu, gasasshen kifi ko kaza. Soyayyiyar shinkafa irin ta gidajen abincin Sin ki bar ta saboda soya sos. Teburin da kowa ke ɗiba da kansa ma ki yi hattara, cokalin taliya yakan koma cikin shinkafa. A wajen mai tsire da balangu naman lafiya lau ne, matsalar gurasa ce da ake ɗumamawa a kan waya ɗaya a yanka da wuƙa ɗaya a katako ɗaya, sai yajin da ba ki san haɗinsa ba. Ki nemi mai naman da ba ya haɗawa da gurasa, ki ce kada a sa yaji, ki daka naki a gida da ƙuli-ƙulin da kika yarda da shi. Teburin mai shayi kuwa kaskon Indomie shi ne na ƙwai, ki tsaya a shayin kawai. In kika samu gida biyu ko uku da suka fahimce ki, ki riƙe su, ki riƙa gode wa mai dafawar, gobe da kansa zai ce miki yau kada ki ci abu kaza.

Biki da suna da tafiya, dabararsu ɗaya ce, kada ki fita da yunwa. Ki ci a gida, ki sa dabino da gyaɗa da ayaba ko dafaffen ƙwai a jaka. In jirgi za ki hau, Umara ko wata doguwar tafiya, yawancin manyan kamfanoni suna ba da abinci marar gulutin in an nema kwana biyu kafin tashi, lambarsa GFML.

Yanzu Hajiya. Ina so ki tsaya a inda take ki duba. Mace ce da ta yi shekaru ana yabon alkubus ɗinta, da shi take nuna ƙauna, da shi ta ciyar da mijin da kike aure. Ta tashi tun safe ta kwaɓa, ta jira ya tashi, ta turara, sai matar ɗanta ta ture kwano a gaban mutane saboda wani ciwo da ba ta taɓa jin sunansa ba, ciwon da ba ya nuna rauni a jiki. Maganar da ta faɗa ta yi zafi, kuma ba daidai ba ce, amma daga jin ciwo ta fito. Ke kuma cin da kika yi makon jiya ya ƙara rikita ta, domin a ganinta ga shi kin ci kin tashi lafiya, kwanciyar da kika yi a gidanki ba ta gani ba.

Wannan magana ba taki ba ce, ta ɗanta ce. Bakin suruka ba ya kai irin wannan saƙo ba tare da an ji shi a matsayin raini ba. Ki zauna da maigida a lokacin da hankalinsa ke kwance, ki fara da abin da zai faranta masa, cewa kin daina neman kayan kanti masu tsada, abin da kike buƙata injin niƙa ne da goyon bayansa. In zai yiwu ya raka ki ganin likita na gaba ya ji da kunnensa. Daga nan shi zai je wurin mahaifiyarsa shi kaɗai, ba ranar Juma'a ba, ba kuma a gaban abinci ba, ya ce mata likita ne ya hana, kamar yadda ake hana mai ciwon suga zaƙi da mai hawan jini gishiri, ya gaya mata kwana ukun da kika yi a kwance bayan kin ci don kunyarta. Wannan na ƙarshen zai taɓa ta fiye da duk wani bayanin asibiti. In akwai wata 'yarta ko ƙanwarta da take jin maganarta, a sa ta a ciki.

Naki aikin shi ne kada Hajiya ta rasa hanyar ciyar da ke. Ki ce mata, "Hajiya, ni fa dambunki nake kwaɗayi," ko tuwon dawarta, duk wanda kika san ta iya. Ki kai mata garin da kika niƙa da tsakin da kika ɓarza a matsayin tsaraba, ki je da wuri ki shiga kicin ku yi tare, ta haka idonki na kan muciya da rariya ba tare da kin ce a canja komai ba. Miyar taushen da take yi wa alkubus ma za ki iya ci da sinasir ɗin da kika zo da shi, in an sa dunƙulen da kika yarda da shi kuma an ɗebar miki tun kafin ludayi ya fara taɓa alkubus. Ki ci a gabanta, ki yaba, ki nemi ƙari. In duk da haka ta tsaya a kan bakanta, kada ki yi musu kuma kada ki daina zuwa. Ki karɓi kwanon da hannu biyu, ki yi godiya, ki ce za ki tafi wa yara da shi. Tana iya ɗaukar watanni kafin ta sauko, za ki iya jure 'yar maganar da za ta biyo baya, hanjinki ne ba zai jure alkamar ba.

Yaran kuwa su ci alkubus ɗin kakarsu, kada ki hana su alkama don tsoro. Ciwon yana bin jini, kusan 1 cikin 10 na 'ya'ya da iyaye da 'yan uwan mai shi na ciki ɗaya suna ɗauke da shi, don haka ya kamata a gwada su, musamman in akwai wanda ba ya girma yadda ya kamata ko mai yawan ciwon ciki. Amma gwajin jinin ba ya nuna gaskiya sai mutum yana cin alkama, in kika cire musu kafin a gwada sakamakon zai iya fitowa lafiya alhali ba haka ba ne. Ki sanar da 'yan uwanki su ma.

Ke kanki ki koma wurin likitanki ki gaya masa ciwon yana dawowa, a sake auna jinin siliyak ɗin da yawan jininki, a duba ko kina buƙatar maganin ƙarin jini da folik asid da bitamin D. Fulawar Najeriya doka ta sa ana ƙara mata sinadaran gina jiki, tunda kin bar ta sai ki cike gurbin da hanta da nama da wake da zogale da alayyahu. In madara tana kumbura miki ciki a yanzu, hakan yakan faru kafin hanji ya warke, sau da yawa kuma yana wucewa. Ki nemi a haɗa ki da masanin abinci, manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano suna da su. Kafin ranar, ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika ci, da inda aka niƙa shi ko aka dafa shi, da yadda kika kwana, ki tafi masa da shi. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya daidaita tsakaninki da Hajiya.